Ƙuri'a a Motar Kifi

Ranar Juma'a ce, ranar da duk garin Pontcarw na yankin Wales ke cin kifi, layi ya fito har bakin titi, sai wayar da ke jikin bangon shagon Nesta Probert ta hau ruri. Nesta ko waiwayawa ba ta yi ba. Ta san mai kiran. Duk mai son kifi da ƙafarsa yake zuwa. Mutum ɗaya ne ke kiranta a irin wannan lokaci, wato Fenwick, bulaliyar jam'iyyar ƙaninta, wanda aikinsa ke nan ya kora 'yan majalisa zuwa wurin ƙuri'a.

Sai da ta tsame dankalin daga mai, ta yayyafa gishiri, ta sallami mutum uku, sannan ta goge hannu ta ɗauka.

"Miss Probert, gobe Asabar akwai zama. Muna buƙatarsa."

"Asabar? Yaushe kuka fara aiki ranar Asabar?"

"Gobe za a yi ta ta ƙare. Ko a amince da yarjejeniyar fita daga Tarayyar Turai, ko a kayar da ita. Ƙuri'a ɗaya ma tana iya raba gardamar."

"Haka ka ce mini wancan karon. Da na kafin shi."

"Wannan karon da gaske ne."

Ta kife wayar. Dukan mutanen layin sun ji, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, domin a Pontcarw babu wanda bai san halin da ƙanin nata, Idwal, yake ciki a ɗakin sama ba.

Nesta ta haura saba'in da 'yan kai. Gajera ce, faɗin kafaɗarta ya fi na maza da yawa, hannuwanta duk tabon mai. Tana 'yar shekara sha biyar uwarsu ta rasu, ubansu kuwa kullum yana ramin kwal, in ya fito sai mashaya. Ita ta yi wa Idwal wanka, ita ta yi masa aski, ita ta je makaranta ta ci kwalar malamin da ya mare shi. An yi wani Howell da ya so ta, ya ce ta zo su tafi Ostireliya. Ta dubi jirgin ruwa, ta dubi yaron da bai iya ɗaurin takalmi ba, ta ce wa Howell ya gaida mutanen can. Ba ta ƙara waiwayar maganar aure ba, kuma kada ka kuskura ka ce za ka tausaya mata a kan haka, don za ka ji abin da ba ka shirya ba. Ta fara aiki a shagon kifin tana fere dankali, ta ƙare tana mai shi.

Idwal ya bi ubansa cikin rami. Da aka rufe ramukan ya zama bakin ma'aikata, daga nan kansila, daga nan majalisar London. Ba ya cikin waɗanda ake gani a talabijin. Can baya yake zama, in ya tashi magana to a kan bas ɗin da aka rage wa zirga-zirga ne ko asibitin da za a rufe. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba, sai ya tattara ya dawo ɗakin da aka haife shi a saman shagon, mai tagar da ke kallon dutse. Duk girman kujerarsa, har yau Idwal *bach* take kiransa, ɗan ƙaramin Idwal, shi kuma ya amsa.

Ƙurar kwal da ya shaƙa yana saurayi ba ta manta da shi ba. Ta jira shi shekara da shekaru, sannan ta zo ta zauna masa a ƙirji. Yanzu da robar iska a hanci yake kwana yake tashi, daga gado zuwa banɗaki sai ya huta sau biyu. Likita ta faɗa wa Nesta a bakin matakala, ba ta ɓoye mata komai ba: abin da ya rage kaɗan ne, kuma duk doguwar tafiya tana gutsurar wani abu daga ciki wanda ba ya dawowa. Shi kuwa Idwal abu ɗaya ya roƙa. Ya ce, "Nest, ba na son asibiti, ba na son London. A gadon nan nake so, ina kallon dutsen nan." Ta ce masa ya rufe mata baki, amma ta ɗauki alkawarin, kuma tun daga ranar ba ta ƙara yin barci mai nauyi ba.

To ga inda gizo ke saƙar. A majalisar nan ba a aiko da ƙuri'a. Ba a bugo waya, ba a danna maɓalli daga gida. In an kaɗa ƙararrawa kowa ya tashi da jikinsa ya bi ta ɗaya daga zaure biyu, na masu cewa eh ko na masu cewa a'a, a ƙirga shi yana wucewa, yadda aka ƙirga kakannin kakanni. Masu jego kawai aka sassauta wa kwanan nan. Nesta ta ce, "To sai ka haihu, Idwal, mu huta."

Da can akwai mafita. Ɗan majalisa in ba shi da lafiya, sai a samo masa abokin haɗi a ɗaya ɓangaren, wanda shi ma zai ƙi shiga zauren, ƙuri'a ɗaya ta ɓace nan, ɗaya ta ɓace can, babu wanda ya ci babu wanda aka cuta. Ba a rubuta shi a ko'ina, magana ce ta mutunci tsakanin mutum biyu. Abokin haɗin Idwal wani dogon tsoho ne daga ƙasar masu gonaki da dawakai, Sir Aubrey Culpin. Sun shekara ashirin suna zagin juna a zauren majalisa cikin ladabi, ba su taɓa cin abinci tare ba. Amma duk ranar da ƙirjin Idwal ya tashi, ba a ganin Sir Aubrey a wurin ƙuri'a.

Rigimar fita daga Turai ta zo ta wargaza wannan. Ƙuri'u suka matse, kowane ɓangare ya daina yarda da ɗan'uwansa, bulalai suka ce a manyan ƙuri'u babu haɗi, kowa ya kawo jikinsa. Rangwame ɗaya ya rage, shi ma tsohon abu ne: in marar lafiya ya shigo harabar majalisa, ko a mota yake, bulaliya ɗaya daga kowane ɓangare za su leƙo su gan shi da ido, su gyaɗa kai, a ƙirga shi. Wato dai sai ka ɗauko mutum daga Wales, ka ratsa ƙasa da shi, don wasu samari biyu su leƙa taga su tabbatar yana numfashi. Ka ji hankali!

Jirgin ƙasa ya gagare shi, motar asibiti kuwa ya ce ba zai hana wani mai ciwon zuciya ita ba. Saboda haka motar Nesta ce, farar motar da take ɗauko kifi da dankali, wadda ko an wanke ta da me sai ta yi ƙarni. Ta kwantar da kujerar gaba, ta jera tukwanen iskar numfashinsa a baya ta tokare su da buhuna, ta rufe shago, su kama hanya.

Abin da zai ba ka haushi, ko dariya, shi ne Nesta fita daga Turai ta zaɓa. Ranar ƙuri'ar raba gardama da sassafe ta je ta dangwala, ta dawo ta faɗa masa a kan shayi. Ta ce ta gaji da ganin alluna masu taurarin tutar Turai a kan sababbin tituna, titunan da amfaninsu ɗaya, su kwashe yaran gari su fitar. Shi kuma ya ce yarjejeniyar nan za ta kashe masana'antar kayan mota da ta rage a kwarin, kuma ba da hannunsa ba. Don haka duk tafiyar nan da take yi, kai shi take ya kayar da abin da ita ta zaɓa. Sukan yi musun daga gadar Severn, iyakar Wales, har su hango London, in numfashinsa ya yarda. Kwanan nan ita kaɗai ke musun.

Asabar ɗin suka je. Suka yini a harabar, cikin motoci masu ƙyalli, ɗan sanda yana ta zagayo motar yana shinshina. Aka leƙo, aka gyaɗa kai, aka ƙirga Idwal a kan wani gyara da aka cusa a cikin ƙudurin. Gyaran ya wuce, shi ke nan wai babbar ƙuri'ar ba za ta yiwu yau ba, an ɗaga. Suka juyo. A hanya sau biyu tana tsayawa gefen titi tana canza masa tukunya, manyan motoci na wucewa suna girgiza su. Da suka iso sai da maƙwabci, Tudor mai gyaran famfo, ya goya shi zuwa sama.

Lahadi bayan an taso daga majami'a waya ta sake ruri. Litinin. Gwamnati za ta sake kawo maganar. Wannan karon da gaske ne.

Nesta ta ce ba inda za shi. Ta hau sama ta faɗa masa, ta ce makullin motar ma ta ɓoye shi inda ko ɓera ba zai gano ba.

Idwal ya ce, "Cikin garin fulawa. Nan kike ɓoye komai tun ina yaro."

"To sauka ka ɗauko in ka isa."

Ya zuro ƙafafunsa daga gado, ya sunkuya yana laluben takalmi. Ta tsaya tana kallo. Ya sa ɗaya, ya tsaya yana haki, bakinsa a buɗe, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe. Ya kai hannu ga na biyun.

"Ina za ka, don Allah?"

"Tasha."

"Ko matakala ba za ka sauka ba, ja'iri."

"Mutane ne suka aike ni, Nest. In ban je ba, waɗancan sun samu ƙuri'a ɗaya a ɓagas. In abin ya wuce da ƙuri'a ɗaya fa? Da wane ido zan kalli matan masana'anta?"

"Da wane ido? Kana zaton za ka kai ka kalle su? Kai ka ce mini gadon nan! Kai ka sa ni alkawari, yanzu kuma kai kake so in karya shi a gefen titi, cikin ƙarnin kifi!"

Ya ɗago ya dube ta. Ya ce a hankali, "Ɗaura mini takalmin."

Ta durƙusa ta ɗaura, tana zaginsa, tana zagin Fenwick, tana zagin duk wanda ya fara kafa majalisa a duniya. Hawaye na ɗiga a kan takalmin, ta ce albasa ce, alhali rabonta da albasa tun jiya.

Litinin da hantsi suna kan hanya. Ruwa ake yi, irin mai hana gani. Nesta ta manne da sitiyari, ido ɗaya a titi, ɗaya a ƙirjinsa. In ya yi shiru da yawa sai ta tsokane shi.

"Ka ga wancan allon? Kuɗin Turai. Titi har titi, babu kowa a gida."

"Mm."

"Mm kawai? Yau ka yarda da ni ke nan?"

"Ko a kabari."

Sai hankalinta ya ɗan kwanta, ta ƙara wuta.

Bayan azahar suka shiga harabar. Ta kashe mota, ta kunna rediyo, ta fito da shayi a gora. Ya kurɓa sau ɗaya ya kawar da kai. Leɓɓansa sun yi wani launi da ba ta so. Ta fita ta zagaya motar, ta dawo, ta sake fita, ta duba tukwane, ta goge gilashin da ba ya buƙatar gogewa. Agogon hasumiya yana cikin gyara, an lulluɓe shi, ko ƙarfe nawa ne ma sai ta duba hannunta.

Can sai muryar mai rahoto ta canza. Kakakin majalisa ya yanke hukunci: ba za a yi ƙuri'ar ba. Akwai wata ƙa'ida tun shekara ɗari huɗu da suka wuce, wadda ta ce maganar da aka riga aka kawo gaban majalisa a zango ɗaya ba a sake kawo ta a wannan zangon. An kawo ta Asabar, ba za a maimaita Litinin ba.

Nesta ta zauna riƙe da murfin gora. Ta ce, "Me ya ce?"

Idwal ya lumshe ido. Wai dariya yake so ya yi, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Daidai ne. Haka ƙa'idar take."

"Daidai ne? Ka san da ita?"

"Kowa ya san da ita. An zaci zai kau da kai."

"An zaci! A kan zato na ɗauko ka?"

Ba ta rufe baki ba sai ga Fenwick da lema, yana tsallake ruwa. Yaro ne da bai wuce sa'an jikanta ba da ta yi aure, idanunsa jajur don rashin barci. Ya sunkuyo taga.

"Kun ji dai. Ba laifinmu ba ne. Amma gobe za su kawo ta a matsayin doka, ba ƙuduri ba, ka ga ƙa'idar ba ta hau kanta ba. Gobe da yamma. Na kama muku ɗaki a nan kusa, ku kwana kawai."

Nesta ta buɗe ƙofa, sai da ya ja da baya. Tsayinta bai kai kafaɗarsa ba.

"Zo nan. Leƙa. Ai aikinku ke nan, leƙe. Leƙa ka gaya mini abin da ka gani."

"Miss Probert, na sani, wallahi na sani. Ni ma umarni ake ba ni."

"Mutanen da suka mutu shekara ɗari huɗu kuna jin maganarsu, kuna tsoron saɓa musu. Ga mai rai a gabanku yana neman iska, shi ba shi da ƙa'ida ko?"

Ɗan sandan ya matso, ya dubi fuskarta, ya fasa. A daidai nan wani dogon tsoho mai baƙar kwat da ke wucewa zuwa motarsa ya tsaya. Nesta ta gane shi daga hoto. Ya ƙaraso ba lema, ruwa na sauka a kan furfurarsa, ya sunkuya a tagar Idwal.

"Probert."

"Culpin. Ka zo ganin gawa?"

"Na zo in ga ko har yanzu kana da bakin nan naka." Sir Aubrey ya kafa masa ido, kallo mai tsawo. Da alama rabonsa da ganinsa kusa ya daɗe. Ya miƙe ya juyo. "Miss Probert ko? Ba a gaya mini ya kai haka ba."

"Da an gaya maka me za ka yi, Yallaɓai? An ce da can kai ne mai hutar da shi. Yanzu an hana ka, ka hanu. Kowa a gidan nan umarni ake ba shi, na rasa wanda ke bayarwa."

Sir Aubrey ya sunkuyar da kai. Bai kare kansa ba. Sai muryar Idwal ta fito daga cikin motar, siririya.

"Nest. Kai ni gida."

Ba ta tsaya sallama ba. Fenwick yana bin motar yana cewa gobe, gobe da yamma, ta bar shi da lemarsa.

Wannan komawar Nesta ba ta son tuna ta. Cunkoso ya riƙe su a bakin London, ruwa bai tsaya ba, tukunya ta kusa ƙarewa ga babu wurin tsayawa. Idwal ya daina amsa tsokana. Ta yi ta magana ita kaɗai, ta ba shi labarin ranar da ya faɗa rafi da rigar majami'a, da ranar da ya saci kifi ya kai wa 'yan yajin aiki yana zaton ba ta gani ba. Ta miƙa hannu ta riƙe wuyan hannunsa, tana tuƙi da ɗaya. Tsoro ne ya cika ta, irin wanda ba ta ji ba tun daren da uwarsu ta tafi. Da ƙafafun motar suka hau gadar Severn ta ce da ƙarfi, "Mun shigo Wales, Idwal *bach*. Ka ji? Kada ka kuskura." Ya ɗan matsa yatsunta.

Ya kai gida da ransa. Likita ta zo, ta duba shi, ta fito ta dubi Nesta, ta girgiza kai.

Ka ce to shi ke nan, an huta. Ina! Talata tun da safe waya ke ruri, Nesta ta zare ta daga bango. Amma ba wayar ce matsalar ba, mai gadon ne. Idwal ya kasa kwanciya. Ya juya nan, ya juya can, ya ce a kunna rediyo, ya ce a kashe. Ya tambayi ƙarfe nawa. Ya ce in suka tashi yanzu za su kai. Ta ce ya sake faɗa ya ga. Can ya ce, "Ƙuri'a ɗaya, Nest. Tawa babu, tasu cif." Ta leƙo da rana ta tarar ya zuro ƙafa ɗaya ƙasa yana neman takalmin da ta riga ta kai gidan Tudor. Ga shi a gadon da ya roƙa, ga dutsen a taga, amma ko kallonsa ba ya yi, hankalinsa na can harabar. Nan Nesta ta gane cewa kawo shi gida bai isa ba. In ya tafi a haka, a London ya mutu, ko da jikinsa na nan. Ta sauka ta buɗe shago don kada ta haukace. Ta ƙona kaskon farko, abin da ba ta yi ba tun tana yarinya.

La'asar ta yi, 'yan makaranta sun cika shagon, sai hayaniyarsu ta ɗauke. Nesta ta ɗago. A ƙarshen layi, bayan wata yarinya mai jaka, ga dogon tsoho da baƙar kwat, takalmansa sun jiƙe sharkaf, ya tsaya yana jiran a zo kansa. Bai tsallake kowa ba. Da layi ya iso gare shi ya cire hula.

"Jirgin ƙasa biyu da bas, Miss Probert. Bas ɗin nan da yake ta yi mana ihu a kansa, ashe gaskiyarsa ce, sau ɗaya yake zuwa a rana."

"Me ya kawo ka?"

"Da na ce masa ta waya ba zan shiga zauren ba, ba zai yarda ba. Ni ma ban tabbata zan iya ba, in suka tsare ni a lungu. Tunda jiki ake ƙirgawa, na ga gara in kawo jikin nan ya gani." Ya ciro wayarsa daga aljihu, tana ta ɓari ba ƙaƙƙautawa, ya ajiye a kan kanta. "Ko akwai inda za ki jefa mini wannan?"

Ta dubi wayar, ta dube shi. "Za su kore ka daga jam'iyya."

"Mai yiwuwa."

Ta ɗauki wayar ta tura cikin garin fulawa, kusa da makullin motar da ta sake ɓoyewa. Ta ce wa yaran su jira, ta wuce gaba, ya bi ta, yana sunkuyawa kada kansa ya bugi rufin matakala.

Idwal ya buɗe ido ya ga wanda ke bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dubi agogon da ke kan teburi, ya sake duban mutumin, kana ganin lissafin yana tafiya a fuskarsa: ko da jirgin sama, Culpin ba zai kai London kafin ƙararrawa ba.

"Kai mahaukaci ne, Culpin."

"Shekara ashirin kana faɗa. Matsa mini ƙafarka in zauna."

Idwal ya ja ƙafar nan da ya yini yana zurowa, ya mayar da ita cikin bargo. Kafaɗunsa suka sauka kan matashi. Nesta tana tsaye tana gani, ta juya da sauri ta sauka, ta ce mai zai ƙone.

Ta sallami yara, ta rufe shago da wuri. Ta zaɓi kifi mafi girma ta soya, ta naɗe a takarda da dankali, ta hau da shi. Rediyo na magana ƙasa-ƙasa, an kaɗa ƙararrawa can London, ana cewa 'yan majalisa sun tashi suna shiga zaure. Tsofaffin biyu ko saurare ba sa yi sosai. Musu suke a kan wata dokar ruwan sha ta shekarun baya, Sir Aubrey na yawancin maganar, Idwal na girgiza kai, fuskarsa na wajen taga inda hasken yamma ya rage a kan dutse.

Ta ɗora wa baƙon takardar a cinya. Ya rasa yadda zai yi, yana neman cokali.

"Da hannu ake ci." Ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. "Ka san ni fita na zaɓa? Ƙuri'ar da ka zubar yau, tawa ce. Shekara uku ina jiran ta."

Sir Aubrey ya ɗago. "Ban sani ba. Ki yi haƙuri."

Nesta ta dubi gadon. Idwal ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe, ƙirjinsa na hawa yana sauka a hankali, hannunsa a sake a kan bargo. Rediyo ya fara karanto sakamako. Ta miƙa hannu ta kashe shi kafin a kai ga lamba.

"Ci kifinka kafin ya huce," in ji ta.

Ta sauka, ta tono makullin daga fulawa, ta fita bayan shago. Ta sauke tukwanen iskar daga motar ɗaya bayan ɗaya, ta shigo da su gindin matakala. Sannan ta tayar da kujerar gaba ta mayar da ita daidai.